Kiɗan Tekno: Detroit Ta Shuka, Berlin Ta Girbe

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Na san wasunku sun yi mamaki da suka ji abin da zan yi magana a kai. Dalili shi ne, akasarinmu mazauna birane ne, wasunmu ma 'ya'yansu na karatu a ƙasashen Turai, kuma wannan kiɗa yana cikin wayoyin yaranmu ko mun sani ko ba mu sani ba. Ya kyautu mu san asalin abu kafin mu yanke masa hukunci.

Tekno kiɗa ne da ake haɗawa da na'ura. Galibi ba ya da waƙa, sai bugun ganga ɗaya mai maimaita kansa, kamar sau 120 zuwa 150 a minti guda. Mai sa faifai yana jona wannan kiɗa da wancan ba tare da tsayawa ba, har gari ya waye.

Asalinsa birnin Detroit ne na Amurka, cibiyar ƙera motoci. A shekarar 1950 mazauna birnin sun haura miliyan 1.8. Daga nan masana'antu suka fara ƙaura, tarzomar 1967 ta ƙara korar masu hali, aka bar gidaje da ma'aikatu kango. Ƙidayar 2020 ta nuna waɗanda suka rage ba su kai 640,000 ba. A cikin wannan hali ne wasu samari uku baƙar fata, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, waɗanda suka haɗu a makaranta a garin Belleville kusa da Detroit, suka shiga haɗa sautin ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da kiɗan baƙaƙen Amurka da suka tashi da shi. Kayan aikinsu ƙananan na'urori ne irin Roland TR-808 da TR-909, ɗakin aikinsu kuwa ɗakin kwana. Atkins ya kafa kamfanin faifai na Metroplex a 1985, May kuma ya fitar da "Strings of Life" a 1987.

Abin lura, gida bai ba su muhimmanci ba. A Ingila aka fara rungumarsu, inda wani faifai da ya tattara ayyukansu ya fito a 1988 ɗauke da sunan tekno, sunan kuma ya bi kiɗan. A daidai lokacin ne matasan Ingila suka ɓullo da taron rawar dare da suke kira "rave". Ana yin sa a ɗakunan ajiyar kaya da aka watsar ko a filayen gona, ba izinin hukuma, ba a kuma bayyana wurin sai daren, ta lambar tarho. Taron Castlemorton na 1992 ya tara dubban mutane har kusan mako guda. Wannan ya sa majalisar Birtaniya ta yi dokar 1994, wadda ta ba 'yan sanda ikon watsa irin wannan taro, har ta siffanta kiɗan da maimaituwar bugunsa.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Berlin bango ne ya faɗi ɗungurungum, a watan Nuwamba na 1989. Gabashin birnin ya cika da gine-ginen da ba a san masu su ba, samarin gabas da na yamma kuma suna neman inda za su haɗu. Kiɗan da ba ya da kalmomi ya dace da su. A 1991 aka buɗe gidan rawa na Tresor a ma'ajiyar kuɗi ta ƙarƙashin ƙasa ta wani tsohon kanti, aka riƙa gayyato makaɗan Detroit irin su Jeff Mills. Jerin gwanon Love Parade, wanda ya fara da mutum kamar 150 a 1989, ya kai ga tara mutane fiye da miliyan ɗaya kafin ƙarshen shekarun 1990. A 2004 aka buɗe Berghain a tsohuwar tashar wutar lantarki. Masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa, otal-otal da masu tasi da masu abinci suka samu. A watan Maris na 2024 Jamus ta sanya teknon Berlin cikin jerin al'adunta na gado.

Detroit fa? Sai a shekarar 2000 ta fara shirya wa kiɗan babban biki a dandalin Hart Plaza, bikin da yanzu ake kira Movement. A 2013 hukumar birnin ta bayyana cewa ta kasa biyan bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba, domin amanar taro ta hana. Tun farkon tarukan Ingila, ƙwayar da ake kira ekstasi ta bi su. Tana hana jin gajiya, tana ɗaga zafin jiki, sai mutum ya yi ta rawa sa'o'i a cikin cunkoso har jiki ya gaza. Wasu kuma tsoron ƙishirwa kan sa su ɗirki ruwa fiye da kima, wannan ma yana kisa. Ƙarar na'ura tana lalata ji sannu a hankali. Ga kuma haɗarin turmutsitsi: ranar 24 ga Yuli, 2010, a Love Parade na birnin Duisburg, hanyar shiga da ta fita ta zama guda, ta cikin wata hanyar ƙarƙashin ƙasa. Mutum 21 suka rasa rayukansu, ɗaruruwa suka jikkata, masu shirya bikin suka ce an daina shi ke nan.

'Yan'uwa, ban zo in ce a yi koyi da rawar dare ba. Tarbiyyarmu daban, tasu daban. Abin da nake so mu riƙe shi ne, duk inda manya suka tashi suka bar gari kango, matasa za su cike gurbin da wani abu, mai kyau ko akasin haka. Dokar Birtaniya ta rage tarukan fili, amma kiɗan sai ya koma gidajen rawa masu lasisi, ya ƙara yaɗuwa. Detroit ta yi sakaci da basirar 'ya'yanta, baƙi suka ci moriyarta.

Mu ma mun baro gida domin neman abinci. Idan muka koma hutun salla, mu zauna da ƙannenmu da 'ya'yanmu, mu tambaye su abin da suke ji da abin da suke ƙirƙira, mu ja kunne inda ya kamata, mu tallafa inda ya dace. Kada sai wani ya yaba ɗanmu a waje sannan mu tuna namu ne.