Hukuncin Ɓatacciyar Dabba

Dabba takan ɓace wa garke tsakanin Barmu da Tabalak, wani ya kama ta, ranar Lahadi sai ga ta a kasuwar Tawa. Kuɗinta haramun ne, ko da azumi a bakinmu. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa zamanin Sayyidina Umar ƙyale ɓataccen raƙumi ake yi. Sayyidina Usmanu kuwa ya yi umarni a yi cigiya, sannan a sayar, a ajiye wa mai shi kuɗinsa. Mu kai cigiya gidan rediyo da ƙofar masallaci, ba cikinsa ba. Kada mu faɗi alamar da ke jikin dabbar, sai mai nema ya siffanta ta da bakinsa.