Kuɗin Waya da Kasuwar Ƙauye

Yau za mu duba dalilin da ya sa ciniki ta waya ya zauna daram a wasu wurare, a wasu kuwa har yanzu baƙo ne.

A Kenya, kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a 2007. Ba ya buƙatar asusun banki ko babbar waya. Ɗan birni zai zuba kuɗi wurin wakili a shagon unguwa, mahaifiyarsa ta karɓa a ƙauye. Shi ya sa mai kayan miya da ɗan acaɓa suka rungume shi.

A Nijar, kamfanoni irin su Nita da Amana sun bi al'adar aike: ka kai tsabar kuɗi a Yamai, ɗan'uwanka ya karɓa a Agadas, hannu da hannu.

A Najeriya kuwa, Babban Banki ya ƙaddamar da eNaira a 2021, amma ba ta samu karɓuwa ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, shi ya tura jama'a ga taransifa da masu POS. A manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Dawanau ciniki ya ci gaba ta waya. Amma a kasuwar ƙauye mai ci mako-mako, inda sabis ke ɗaukewa, wutar cajin waya ma sai an biya, manomi da makiyayi sun sha karyar da kayansu ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu.

Kun ga ke nan, matsalar ba ƙin zamani ba ce. Wanda bai iya karatun boko ba, ta yaya zai amince da saƙon da ba zai iya karantawa ba? Muna kira ga hukumomi da kamfanoni su kai sabis karkara, su samar da wakilai 'yan gari, su kuma yi bayani da harshen mutane.

Kai kuma ɗan kasuwa, kada ka saki kaya don an nuna maka rasit a waya, sai ka ga kuɗi sun shiga asusunka. Lambar sirrinka kuwa, ko mai POS kada ka faɗa wa.