Wutar da Muka Shigar Cikin Ɗaki: Jawabi a Kan Batir, Sola da Tsadar Mai

Abin da ya tara mu yau shi ne batun wuta: wutar da muke gani da ita da dare, da wadda muke cajin waya da ita, da kuma kuɗin da take ci mana.

Dukanmu mun san inda abin ya faro. Ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba 2024 ta wuce naira 1,000 a Abuja. A cikin wannan watan ne jihohin arewa da yawa suka yi kwanaki a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Mu yi lissafi tare. A ce ƙaramin janareta yana shan lita ɗaya kowane dare a kan naira 1,000. A wata naira 30,000 ke nan, a shekara kuwa naira 360,000. Shi ya sa gidaje da yawa suka jingine janareta suka koma sola da batir. Wannan dabara ce mai kyau. Amma janareta a waje yake kwana, batir kuwa mun shigar da shi ɗakin da yaranmu ke barci. Dole ne mu san halinsa.

Batir iri biyu ne a gidajenmu. Na farko shi ne na litiyam, wanda ke cikin waya, da fawa bank, da tocila mai caji. Babban abokin gabansa zafi ne. In ya yi zafi fiye da kima, ko aka huda shi, ko aka matse shi, yana iya kama wuta da kansa, kuma wutarsa tana da wuyar kashewa. Kada mu ce sai kayan arha ke yin haka. A shekarar 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda batirinta yana kama wuta. In hakan ta faru da babban kamfani, ina ga caja marar suna da aka saya a tire ranar kasuwa?

Saboda haka mu kiyaye waɗannan. Kada a sa waya caji a ƙarƙashin matashin kai ko a kan katifa. Kada a bar ta a rana ko kusa da murhu. In bayan waya ya kumbura, batirin ya lalace ke nan: a daina amfani da ita, kada a danna, kada a huda. In ta fara hayaƙi, a kashe wuta daga soket, a fitar da yara, kada a shaƙi hayaƙin. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli kuma, na agogo da kayan wasa, in yaro ya haɗiye shi a ruga da shi asibiti nan take, domin yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

Na biyu shi ne babban batir mai ruwa, irin na mota da na sola. A cikinsa akwai dalma da ruwan asid. Yayin da yake caji yana fitar da wata iska marar launi wadda ke fashewa in ta haɗu da tartsatsi. Don haka a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da fitilar kananzir, da ashana, da taba. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir kaɗai za a ƙara, ban da ruwan rijiya. In asid ya taɓa ido ko fata, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Kada kuma a haɗa farantin sola kai tsaye da batir ba tare da kwantirola ba, domin ita ce ke tsayar da caji in batir ya cika.

Iyaye mata, ga wadda ta fi shafarku. Mataccen batir guba ne. Mun tuna da abin da gubar dalma ta yi a Jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu. Can daga duwatsun zinariya ta fito, amma dalmar nan ce a cikin batir. A ƙasar Senegal, a wata unguwa kusa da Dakar, yara 18 sun mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda ana fasa tsofaffin batura a inda mutane ke zaune. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓarnar ba ta komawa baya. Kada a fasa batir a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a zuba hatsi ko ruwan kaji a cikin ƙoƙonsa. A mayar da shi ga mai sayarwa a rufe yadda yake.

Yanzu maganar aljihu. Mutane da yawa suna kuka cewa sola yaudara ce, batir bai kai shekara ba ya mutu. Sau da yawa lodi ne ya kashe shi. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wajen wat 1,200 na awa ɗaya, amma irin mai dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, wato 600. Ƙwan LED huɗu masu wat 5 da suka yi awa 5 a kunne sun ci 100 kawai. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa zai cinye rabon nan cikin kusan rabin awa. Kafin ku saya, ku lissafa abin da za ku kunna, ku nemi rasit da takardar garanti. Wanda har yanzu yake da janareta ya bar shi a waje, nesa da taga, domin iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

A ƙarshe, siyasa. A ƙarƙashin bishiya muna gardama: wasu sun ce cire tallafi ya zama dole, wasu sun ce talaka aka yanka. Kowa yana da 'yancin ra'ayinsa, kuma ban zo in zaɓa muku jam'iyya ba. Amma ku sani, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, kuma akwai hukumar tarayya ta REA wadda aikinta shi ne kai wuta karkara. Saboda haka in ɗan takara ya zo da alkawarin tiransfoma, ku tambaye shi: yaushe, da wane kuɗi, wa zai gyara in ta lalace? Ku tambayi wutar asibitin ƙauye da ta famfon ruwa. Ku rubuta amsarsa ku ajiye.

Roƙona shi ne kowane ƙauye ya zaɓi mutum uku, har da mace ɗaya, su zaga gida-gida cikin wannan wata su duba inda batir yake kwana, su kuma tattara matattun a wuri ɗaya mai kulle.