Cin Zarafi a Wurin Aiki da Tabon da Yake Bari a Zuciya

(Jawabin da wani malamin firamare ya gabatar a taron reshe)



Mun saba magana a kan albashi da ƙarin girma, kuma ya dace. Yau ina neman izininku in taɓo wani ciwo da muke ɓoyewa, wato cin zarafin malami a makarantar da yake aiki, daga na gaba da shi ko daga tsararrakinsa.

Ba kowane faɗa ne cin zarafi ba. Heinz Leymann, masanin halayyar ɗan'adam da ya yi bincikensa a Suwidin tun shekarun 1980, ya sa ma'auni: muzgunawar da ke maimaituwa aƙalla sau ɗaya a mako, har tsawon wata shida. Kun san siffarta. A tsawata wa malami gaban ɗalibai, a daina amsa sallamarsa a ɗakin malamai, a ɗora masa aji mai yara fiye da ɗari ba mataimaki, sannan a riƙa yi masa barazanar canji zuwa ƙauye mai nisa.

Leymann ya ga alamomin firgici irin na waɗanda suka tsira daga babban bala'i a jikin mutanen da aka muzguna wa. Barci ya ƙaurace, abin da aka yi wa mutum ya riƙa dawo masa ko a cikin salla, gabansa ya faɗi da zarar ya ji ƙarar babur ɗin hedimasta, ya riƙa zagayawa don kada ya bi ta ƙofar ofis. Daga baya fushin ya sauka a kan yaran aji da iyalin gida. Mu kuwa sai mu ce sammu ne, ko mu ce malam ya cika raki.

A nan ne zancen matakin karatu yake shigowa. Tun da aka mai da NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, dattawanmu masu Gireti Tu suka zama abin gori, alhali su suka koya wa da yawa daga cikinmu riƙon alli. Mai ƙaramar takarda ya fi jin raɗaɗin, a ganina, domin ba shi da mafita: ba wani aikin da zai koma, yana tsoron tantancewa, kuma bai saba da rubuta ƙorafi ba. Sai ya haɗiye, haɗiyar ce kuma ke zama ciwo. Mai digiri ma bai tsira ba, don akwai shugaban da ke kallon takardar ƙaramin malami a matsayin barazana ga kujerarsa. Sai dai shi ya san hanyar ofishin Sakataren Ilimi, ya kuma san sunan abin da ke damunsa.

Muna da abin dogaro. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki, wadda ta haɗa har da cutarwar da ta shafi tunani, kuma Nijeriya ta rattaba mata hannu a 2022.

Roƙona ga reshe shi ne a naɗa mutum biyu, mace da namiji, masu riƙon amana, waɗanda za su saurari malami a asirce, su taya shi rubuta abin da ya faru da ranakunsa, da Hausa in ya fi masa sauƙi, su kuma raka shi wurin Sakataren Ilimi. Wanda barci ya gagare shi fiye da wata guda, a kai shi ya ga likita, kada a bar shi da "yi haƙuri" kaɗai.

Ina roƙon shugaba ya sa wannan batu cikin ajandar zama na gaba.