Itace Dukiya Ne

Jawabi ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na ƙasar Rano da Kibiya

Yau zancenmu a kan itace da murhu ne.

Ku tambayi tsofaffi. A zamaninsu yarinya kan fita bayan gari ta yo dami tun kafin hantsi. Yau sai ta wuni tana yawo, ko kuwa maigida ya sa hannu a aljihu. To, ina itacen ya tafi? Farin 1973 da na 1984 sun kashe wasu itatuwa, gatari ya bi sauran. Tun 2023 da aka janye tallafin mai, kome ya yi tsada, har gas da kananzir. Mutanen birnin Kano da yawa suka koma gawayi da itace. Itacen nan kuwa ba cikin birni yake tsirowa ba, daga ƙauyuka ake lodinsa.

Yanzu ku dubi murhunmu na duwatsu uku. Wuta a buɗe, iska na kaɗa ta ko'ina. In aka kasa zafinta kashi goma, abin da ke shiga tukunya bai wuce kashi ɗaya ko biyu ba. Sauran ya bi iska. Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1 shekara, wato 2020, hayaƙin girki ya hallaka mutum fiye da miliyan 3, ciki har da ƙananan yara.

Maganin yana ƙarƙashin ƙafarmu. A samo yumɓu, a haɗa da kashin shanu da ƙaiƙayi, a kwaɓa, a bar shi ya kwana biyu. Sa'an nan a gine duwatsun nan uku, ginin ya kewaye tukunya har wuyanta. A bar tazarar yatsa guda tsakanin gini da tukunya, don wuta ta lasa gefenta. A bar ƙofa ɗaya ta iza itace. Ya bushe sosai kafin a hura. Wanda ya yi shi daidai zai ga daminsa ya ƙara kwana.

Iyayenmu mata, ga naku. Ku jiƙa wake tun da dare. Ku rufe tukunya. Kada ku hura ɗanyen itace. In an sauke, ku zare bakin wuta ku kashe shi, gobe ya yi amfani.

Manoma, ga naku. Tun wajen 1984 manoman ƙasar Maraɗi suka daina tumɓuke kututture. Sukan bar tohon, su zaɓi masu ƙarfi kaɗan, su sassabe sauran. Ta haka miliyoyin itatuwa suka komo gonakin Nijar. Mu ma mu bar gawo da ɗorawa da marke su girma. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku je wurin mai unguwa da dagaci a sa ranar gayya. Samari su kawo yumɓu, mata su gina, yau gidan wannan, gobe gidan wancan. Ku kuwa da kuka iya rubutu, ku ɗauki fensir. Ku rubuta kwana nawa dami ke yi a tsohon murhu, nawa a sabo. Ran kasuwa ku karanta wa mutane, kowa ya ji da kunnensa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.