Daga Magana Zuwa Alama: Aljabara da Rabon Gado



Ƙannenmu da ke makarantun Boɗinga da Shagari sun iya tarawa da ɗebewa. Inda suke tuntuɓe shi ne idan aka kawo musu lissafi cikin zance, aka ce su mayar da shi alamomi. Sai mu riƙa cewa aikin baƙo ne, alhali malaman fara'ili sun daɗe suna yin sa a zaurukansu. A Boɗingar nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa, lokacin da Shehu yake Sifawa.

Ita kanta kalmar aljabara daga littafin Alhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya yake. Babu alama ko ɗaya a ciki. Adadin da ba a sani ba yakan kira shi "abu". Harafin x sai a 1637 Descartes na Faransa ya yaɗa shi.

To, ga misali. Mutum ya rasu ya bar shanu 40 bayan an fitar da bashi da wasiyya, magadansa kuwa mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar ta ɗauki tumuni, watau shanu 5. Mu kira rabon 'yar x. Kowane namiji yana da ninkinsa, 2x. Saboda haka 5 + 2x + 2x + x = 40, x ta zama 7, kowane ɗa ya tashi da 14.

Amma yaron da bai rarrabe "ninki biyu" da "ƙarin biyu" ba, x + 2 zai rubuta. Nan take 'yar ta sami shanu 10 da sulusi, an tauye wa kowane ɗa kusan biyu. A takardar jarrabawa maki ne ya tafi. A gaban alƙali kuwa haƙƙin marayu ne.

Har ila yau, harshenmu na da wata fa'ida da muke wofintarwa. Bahaushe yakan ce "ashirin ba biyu", daidai yadda ake rubuta 20 − 2. Turanci kan fara ambaton biyun, shi ya sa yara da yawa ke rubuta 2 − 20. Don haka muke roƙon waɗanda za su shiga aikin koyarwa daga cikinmu, su sa ɗalibi ya faɗi tambayar da Hausa tukuna, ya nuna wane ne "abu", kafin ya ɗauki alƙalami.