Sa Hannun Ɗan Fim: Na Gaske Ne Ko Bugun Inji?



Makon jiya wani ƙanenmu makiyayi ya zo mana tasha da hoton marigayi Rabilu Musa Ibro, an sa hannu a ƙasa, har da shekara: 2016. Jaka biyar ta sefa ya biya, kuɗin da ya tara daga kiwo. Na ce masa, ƙanena, Ibro ya rasu a Kano cikin watan Disamba na 2014. To wa ya riƙe masa biron?

Ku da ba ku sayen saniya sai kun buɗe bakinta kun duba haƙora, haka za ku yi wa hoto.

Da farko a juya shi, a shafa bayansa da yatsa. Biro yana danne takarda, za ka ji ɗan tudu daidai inda rubutun ya bi. In alƙalamin maka ne, ba ya dannewa, sai a karkata hoton a rana kamar yadda 'yan kasuwa ke yi wa takardar jaka goma. Tawadar hannu tana kwance a bisa ƙyallin hoton, haskenta daban. Wadda inji ya buga kuwa, ita da fuskar ɗan wasan ƙyallinsu ɗaya.

Sannan ka ce wa mai sayarwa ya fito da guda biyu, ka ɗora ɗaya kan ɗaya ka ɗaga sama wajen haske. In sa hannun ya hau kan juna cif-cif, bugu ne. Gwada da kanka, ba ka iya sa hannu sau biyu su fito sak.

Amma fa a kula, ko tawadar ta gaske ce, tana iya zama ta wani yaro a bayan rumfa. Hannun da ya saba da sunansa gudu yake yi, mai kwaikwayo kuwa yana ja yana tsayawa, layin ya yi rawa, tawada ta taru a inda ya dakata. Nan ne tambaya ke shigowa: a ina aka sa hannun, yaushe, a gaban wa? In an ce maka Ali Nuhu ne ko Hadiza Gabon, ina hoton da aka ɗauka da waya a lokacin? A kara ma sai da dillali da shaida ake sallamawa.

In hoton kake so don ado, saye shi a kuɗin hoto, babu laifi. Kada dai a yi cinikin biri a sama. Kuma idon nan a kai shi kan rasit da takardar cinikin dabba, can asarar ta fi jaka biyar.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya. Sai mako mai zuwa.